Tsakanin cike fom da zama a aji: yadda za a rage asarar sababbin ɗalibai a kwalejin al'umma

Sai da na shekara huɗu ina aiki a ofishin karɓar ɗalibai na wata kwalejin al'umma a nan Amurka kafin na yi abin da ya kamata in yi tun makon farko. Na nemi izinin shugabar sashenmu, aka ba ni sunan gwaji, na rufe kwamfutar ofis, na ɗauki wayata, na nemi shiga makarantarmu kamar baƙon da bai san kowa ba. Na ce mata kafin azahar na gama. Kwana tara aka yi kafin in ga sunana a jerin 'yan aji, kuma sau biyu sai da na yi maguɗi, na kira wanda na sani a wani ofishi ya warware mini. Ɗalibi ba shi da lambar wayar wanda zai kira haka.

Ga wanda bai san tsarin ba: kwalejin al'umma makaranta ce ta gaba da sakandare, ta shekara biyu, mai sauƙin kuɗi, wadda jiha ko yanki ke riƙewa. Ana koyon jinya a ciki, da walda, da gyaran na'urar sanyaya ɗaki, ko mutum ya yi rabin digiri sannan ya wuce jami'a ya ƙarasa. Tun daga Joliet ta jihar Illinois da aka buɗe a 1901, har zuwa rahoton kwamitin Shugaba Truman na 1947 da ya yaɗa sunan, abin da makarantun nan ke tinƙaho da shi guda ne: ƙofarmu a buɗe take, duk mai shaidar kammala sakandare ya zo. Gaskiya ne, ba ma korar kowa. Amma ƙofar zaure ce kaɗai a buɗe. Daga zaure zuwa ɗakin karatu akwai wasu ƙofofin, ni dai goma sha ɗaya na ƙirga a tamu, kowace da mai gadinta, kuma babu mai gadin da ya san abin da ɗan'uwansa ya faɗa wa baƙo.

A 2020, da annobar korona ta zo, yawan ɗaliban kwalejojin al'umma ya ragu da kusan kashi 10 cikin 100 a zangon kaka, sai shugabanni suka ruɗe suka zuba kuɗi a talla. Ni ban ƙi talla ba. Amma mutumin da ya riga ya cike fom ɗinka ya wuce buƙatar talla, ya riga ya ce yana so. A wurinsa asarar ta fi yawa, kuma a wurinsa gyara ya fi araha.

Taka hanyar da ƙafarka

Gani ya kori ji. Kafin a kira taro, kafin a sayi sabuwar manhaja, ka bi hanyar da kanka. Sharuɗɗa uku: da waya, ba kwamfuta ba, da dare bayan ƙarfe tara, domin a lokacin ne mai aikin wuni ke samun zama, kuma ba ka kiran kowa da ka sani. Ka riƙe littafi kana rubuta duk inda aka ce ka ƙirƙiri sabuwar kalmar sirri, duk kalmar da ba za ka iya yi wa mahaifiyarka bayaninta ba, da duk inda aka ce sai ka zo da kanka ofishin da ke rufewa ƙarfe biyar.

Abin da ya fi ba ni kunya a tawa tafiyar shi ne wasiƙar karɓa. Muna aika ta ne zuwa sabon adireshin imel da makaranta ta buɗe wa ɗalibi. Kafin ka buɗe imel ɗin sai da lambar ɗalibi. Lambar ɗalibin kuwa tana cikin wasiƙar. An kulle ɗaki, an bar mabuɗi a ciki. Shekaru ana haka, masu haƙuri su kira waya su jira, marasa lokaci su ɗauka ba a karɓe su ba. Gyaran bai ci ko dala ɗaya ba: a aika wasiƙar zuwa imel ɗin da ɗalibi ya rubuta a fom, a tura lambar ta saƙon tes.

Bayan ka yi naka, ka sa ɗalibai su yi, ka biya su ladan lokacinsu. Kwalejin Amarillo ta jihar Texas ta yi haka a zamanin shugabanta Russell Lowery-Hart, ta riƙa tura ɗalibai su bi ofisoshi a ɓoye su dawo da labari, kuma tana cikin makarantu biyu da suka ci kyautar Aspen, wadda ake ba fitattun kwalejojin al'umma, a 2023. Kai ma'aikaci, ko ka rufe ido ka san inda matakala take. Baƙo kuwa ko da idonsa makaho ne.

Sunaye, ba kashi-kashi ba

Ka roƙi masu kula da bayanai su ba ka rahoto guda duk Litinin: mutum nawa suka cike fom, nawa suka buɗe asusunsu na makaranta, nawa suka cike fom ɗin tallafi, nawa suka ga mai ba da shawara, nawa suka yi rajistar darasi, nawa kuɗinsu ya daidaita. Inda adadin ya yi faɗuwar 'yan bori tsakanin mataki da mataki, nan ɗakin ke yoyo.

Amma kada ka tsaya a kan adadi. Adadi na shugabanni ne, su kai taro. Kai abin da kake buƙata shi ne sunaye da lambobin waya na waɗanda suka maƙale a kowane mataki, a raba wa ma'aikata, kowa da nasa. Wanda aka ba sunaye arba'in ya san su nasa ne har ranar da za su zauna a aji. Idan ɗalibi na kowa ne, ba na kowa ba ne, haka muka yi ta gani.

Takunkumi

A harkarmu, idan wani ofishi ya hana ɗalibi rajista sai ya kawo wani abu, muna cewa an sa masa takunkumi. Ka tattara duk ire-iren takunkumin da na'urarku ke iya sawa, za ka yi mamakin yawansu. A kan kowane ka yi tambaya uku: wa ya sa shi, doka ce ta tilasta ko al'adar ofis ce, kuma dole ne ya hana rajista ko gargaɗi ya isa?

Wasu doka ce, ba yadda za ka yi. A Texas, sabon ɗalibin da bai kai shekara 22 ba sai ya kawo shaidar allurar rigakafin sanƙarau. To tunda ba za a cire ba, a faɗa masa tun ranar da ya cike fom, a gaya masa inda ake yi, in da hali a kawo masu allurar harabar makaranta. Haka shaidar zama ɗan jiha, wadda a yawancin jihohi ke buƙatar wata 12 na zama kafin a ba ka farashin 'yan gida. Bambancin kuɗin babba ne: a California ɗan jiha dala 46 yake biya kan kowane kiredit, wato ma'aunin nauyin darasi, wanda ba ɗan jiha ba kuwa sai ya ninka wannan sau da yawa. Na sha ganin wanda aka haifa a garin, ya amsa tambaya ɗaya ba daidai ba a fom, na'ura ta lissafa shi baƙo, ya ga kuɗin ya tsorata ya tafi. Duk wanda adireshinsa na gida ne amma na'ura ta ce baƙo ne, a kira shi kafin takardar kuɗi ta isa gare shi.

Sauran kuwa yawancinsu al'ada ce. Wata mata ta zo mini, shekarunta sun haura talatin, tana son komawa karatun jinya bayan ta raini 'ya'ya. Takunkumin da ke kanta tarar ajiye mota ce ta shekaru da suka wuce, kuɗin da bai kai na littafi ɗaya ba. Saboda shi za mu rasa ɗaliba ta zango huɗu. Ku sa iyaka: bashin da bai kai kaza ba, ba ya hana rajista, a shirya biya kaɗan-kaɗan. Batun riƙe takardar sakamako saboda bashi ma iska ta juya. California ta haramta shi tun 2020, kuma daga 1 ga Yulin 2024 dokar Ma'aikatar Ilimi ta tarayya ta taƙaita shi a kan zangon da aka biya da tallafin tarayya. Idan littafin ƙa'idojinku bai san da haka ba, a sabunta shi.

Kuɗi, inda akasarin mutane ke tsayawa

A nan zan daɗe, domin ko an buɗe duk sauran ƙofofi, wannan ita ke mayar da mutane gida.

Matsakaicin kuɗin makaranta na shekara a kwalejin al'umma, ga ɗan yanki, yana wajen dala 4,000. Tallafin Pell na gwamnatin tarayya, wanda kyauta ne ba bashi ba, ya kai dala 7,395 a shekara ga wanda ya cancanci cikakkensa. Ka ga ke nan ga ɗalibi marar ƙarfi makarantar na iya zama kyauta, har da rarar sayen littafi da kuɗin mota. Da yawa ba su sani ba. Abin da suka sani shi ne akwai wani fom mai suna FAFSA, wanda da shi ake neman tallafin, mai tambayar harajin iyaye, kuma suna tsoronsa.

Tsohon fom ɗin tambaya 108 gare shi. An rage shi sosai a sabon tsarin, amma shekarar canjin ta ba mu wuya: maimakon 1 ga Oktoba da aka saba, sai ƙarshen Disambar 2023 aka buɗe, bayanan ɗalibai ba su fara iso wa makarantu ba sai Maris na 2024, iyayen da ba su da lambar Social Security, wato lambar shaida ta gwamnatin tarayya, kuma suka yi ta fama kafin su iya sa hannu. Abin da muka koya a wannan shekarar har yau shi muke bi.

Na farko, ba a cewa "je ka cike FAFSA". A zaunar da mutum a cike tare, a ɗakin kwamfuta, da yamma da kuma Asabar. Kuma a sanar da shi tun kafin ya zo cewa idan bai kai shekara 24 ba, ba shi da aure, ba shi da ɗa, galibi sai mahaifi ko mahaifiya sun buɗe nasu asusun sun ba da amincewa. A nan fom ɗin ke mutuwa. Yaro ya gama nasa ɓangaren, ya ɗauka shi ke nan, uba kuma ya ga saƙon gwamnati yana neman izinin duba harajinsa, ya ƙi taɓawa. Ka nemi sunayen waɗanda fom ɗinsu ke jiran sa hannun iyaye, ka kira iyayen da kanka, da harshen da suke ji idan kana da mai iyawa.

Na biyu, tantancewa. Gwamnati na zaɓar wasu ɗalibai ta ce makaranta ta tabbatar da bayanansu kafin a saki kuɗi. Wasiƙar da muke aikawa a da, ko ni da na karanta sai na ji kamar ana tuhumata da sata. Muka sake ta: "Ba laifi ka yi ba. Takarda ɗaya muke buƙata, ga sunanta, ɗauki hotonta da waya ka turo nan."

Na uku, takardar da ke bayyana tallafi. A raba kyauta daban, bashi daban, da manyan baƙaƙe, a ƙasa a rubuta abin da zai fito daga aljihun ɗalibi. Haɗa su wuri ɗaya a kira su duka "tallafi" yaudara ce, ko da ba da niyya ba.

Na huɗu shi ne wanda na fi yin faɗa a kansa. Makarantu da yawa na da ranar da na'ura ke share rajistar duk wanda bai biya ba. Dalilin a bayyane yake, kada kujera ta zauna da sunan wanda ba zai zo ba. Amma na'ura ba ta bambanta wanda ya watsar da wanda tallafinsa ke kan hanya. Wani saurayi mai aikin dare a ɗakin ajiyar kaya ya sha wahala ya haɗa darussa huɗu da suka dace da lokacin aikinsa, ya tashi da safe ya tarar an share su, kafin ya dawo ajin safe ya cika. Ya ce da ni, "Malam, ni na yi duk abin da kuka ce." Kuma ya yi ɗin. Tun daga nan muka sa ƙa'ida: duk wanda FAFSA ɗinsa ta iso mana ba a share shi, kuma kwana uku kafin ranar sharewa kowane ma'aikaci ya kira nasa sunayen.

Idan jiharku na da nata shirin, ku haɗa wa'adinsa da naku kalandar. Tennessee Promise, da ya fara da ɗaliban 2015, yana cike giɓin kuɗin makaranta, amma yana da sharuɗɗa, har da sa'o'in aikin sa-kai. Yaro na iya rasa shi saboda wa'adi ɗaya da ba wanda ya tuna masa.

Jarrabawar tantance matsayi

A da, sabon ɗalibi yakan zo da niyyar rajista kawai, sai a ce masa shiga wancan ɗakin ka yi 'yar jarrabawa, ba ci ba faɗuwa. Ya shiga ba shiri, wataƙila rabonsa da lissafi shekara goma, ya fito an jefa shi azuzuwan share fage hawa biyu ko uku. Azuzuwan nan ana biyan kuɗinsu, suna cin tallafin Pell wanda iyakarsa zango 12 ne a duk rayuwar mutum, amma ba sa shiga lissafin digiri. Mun ce ba faɗuwa, alhali sa'a biyu sun ƙara masa shekara ɗaya da rabi. Da yawa tun a hawa na farko suke sarewa.

Jihohi sun gane. Florida a 2013 ta yi dokar da ta cire tilascin share fage ga yawancin waɗanda suka gama sakandaren gwamnati a jihar. California a 2017, da dokar AB 705, ta ce a duba sakamakon sakandare wajen ajiye ɗalibi, ta ƙara ƙarfafa ta a 2022. Tennessee kuwa daga 2015 ta koma sa ɗalibi kai tsaye a darasin da ake lissafawa, a haɗa masa da ajin taimako a zango ɗaya.

Idan jiharku ba ta tilasta ba, ku yi da kanku gwargwadon ikon da kuke da shi. A fara da makin sakandare, domin aikin shekara huɗu ya fi shaidar mutum a kan zaman sa'a biyu. Idan dole sai an yi jarrabawa irin Accuplacer, a faɗa wa ɗalibi gaskiyar abin da za ta jawo, a ba shi tambayoyin gwaji, a hana shi yin ta a ranar da ya fara zuwa, a kuma ba shi damar sakewa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Malaman lissafi sukan ce muna tura yara ruwan da ya fi ƙarfinsu. Ba na raina maganarsu, su ke tsaye a gaban allo ba ni ba. Idan aka cire share fage ba a zuba kuɗi a ajin taimako ba, an yi ba a yi ba. Sannan akwai mutanen da nake ganin ana yi musu kuskure ta ɓangare biyu, wato waɗanda suka yi karatu a wata ƙasa. Wani ya yi sakandarensa duka da Turanci, amma saboda lafazinsa a tura shi ajin koyon Turanci. Wani kuma yana buƙatar ajin da gaske, a bar shi ya nutse. A tambayi mutum da wane harshe ya yi karatu, a duba rubutunsa, kada a yanke hukunci da kunne. A kuma faɗa masa da wuri idan takardunsa na buƙatar tantancewar hukuma irin WES, domin tana ɗaukar makonni kuma da kuɗi.

Saƙo

Ɗan shekara goma sha takwas ba ya buɗe imel, mai shekara arba'in kuma imel ɗinsa ya cika da talla. Saƙon tes ake karantawa. Tsakanin Mayu da Agusta, lokacin da yaro ya bar hannun malaman sakandare bai shiga namu ba, ɗalibai ke zubewa shiru, abin da masu bincike ke kira narkewar bazara. Jami'ar Jihar Georgia ta gwada wata manhajar amsa tambayoyi ta tes mai suna Pounce a 2016, narkewar ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar.

Ba sai kana da irin wannan manhaja ba. Saƙo ɗaya, aiki ɗaya, wa'adi ɗaya, da sunan mutum mai rai a ƙarshe. "Saura takardar allura kawai. Turo hotonta nan kafin Juma'a. In da matsala amsa wannan saƙon, ni zan gani." Kuma in ya amsa, a gani ɗin. Abin da ya fi rashin saƙo muni shi ne ɗalibi ya amsa da tambaya ya ji shiru. Ku kuma hana kowane ofishi aika nasa yadda ya ga dama. A mako na gwaji saƙonni goma sha bakwai na samu daga ofisoshi shida, biyu suna musanta juna.

Ranar sanin makama da zama da mai ba da shawara

Taron sababbin ɗalibai na da, shugabanni ne ke hawa mumbari ɗaya bayan ɗaya har sa'a uku, a raba jaka da alƙalami, a watse. Ma'aunina yanzu guda ne: da me mutum ya fita? Ya kamata ya fita da jadawalin darussansa a hannu, ya shiga shafin karatu da wayarsa a gabanmu an ga ya buɗe, ya taka da ƙafa zuwa ƙofar ajinsa na farko, ya san sunan mutum ɗaya da zai kira. Tarihin makaranta ya jira.

Ku bar iyali su zo. Amma ku shirya wa dokar FERPA ta 1974, wadda a mafi yawan lokuta ta hana mu bayyana wa iyaye bayanan ɗalibin kwaleji ba da izininsa ba. Wani dattijo mutumin wajenmu ya taɓa tsayawa a gabana ransa a ɓace, ya ce, "Malam, ni na haife shi, ni ke biya, ka ce ba za ka gaya mini ba?" Na ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, ba raini ba ne, doka ce ta ɗaure ni. Ga takarda, in yaron ya sa hannu shi ke nan." Da an miƙa musu takardar tun ranar taro, su biyun suna zaune tare, da ba a kai nan ba.

A zaman shawara, abu biyu. Kada a miƙa wa sabon shiga kundin darussa ɗaruruwa a ce zaɓi. A tambaye shi fannin da zuciyarsa ta karkata, lafiya ne, kasuwanci ne, ko aikin hannu, a ba shi zangon farko da zai yi masa amfani ko da ya canza ra'ayi a cikin fannin. Wannan shi ne tsarin shiryayyun hanyoyi da cibiyar binciken kwalejojin al'umma ta Jami'ar Columbia ta yaɗa. Na biyu, a yi masa lissafi a fili. Kiredit 12 ake kira cikakken karatu a wajen masu tallafi, amma digirinmu na shekara biyu kiredit 60 ne, wanda ke son gamawa a shekara biyu sai ya ɗauki 15 kowane zango, ko ya cike a hutun bazara. Ba cewa nake kowa ya ɗauki 15 ba. Uwa mai aiki sa'a arba'in a mako, in ka ɗora mata 15 ka kayar da ita. A dai nuna mata ranar gamawa ta kowane zaɓi, ta zaɓa da idonta buɗe.

Wanda ke son ganin abin da kulawa ta gaske ke haifarwa ya dubi shirin ASAP na Jami'ar Birnin New York, da aka fara a 2007: katin jirgin ƙasa da bas kyauta, littattafai, cike giɓin kuɗi, da mai ba da shawara da ba a jibga masa ɗalibai ba. Binciken da cibiyar bincike ta MDRC ta yi ya nuna kashi 40 cikin 100 sun gama a shekara uku, waɗanda ba sa cikin shirin kashi 22. Da aka gwada a kwalejoji uku na Ohio, 35 da 19 aka samu. Shirin na da tsada, yawancinmu ba mu da kuɗinsa. Amma idan aka ba ni zaɓi tsakanin allon talla a bakin babbar hanya da ƙarin mai ba da shawara ɗaya, na san wanda zan ɗauka.

Masu zuwa a makare, da makonni ukun farko

Kwalejin Valencia ta Orlando ta daɗe da hana shiga darasin da ya riga ya yi zaman farko. Da na fara jin haka na ce zalunci ne, domin masu zuwa a makare su ne waɗanda rayuwa ta fi matsa wa. Daga baya na ga yadda wanda ya shiga a mako na biyu, ba littafi, ba tallafi, an riga an ba da aikin gida biyu, yake ƙarewa da faɗuwa da bashi. Yanzu ina tare da Valencia, da sharaɗi ɗaya: a tanadi gajeren zango na mako takwas da ke farawa a tsakiya, domin wanda ya zo a makare a ce masa "ga naka nan a Oktoba, zauna mu gama takardunka yau", ba "sai Janairu" ba.

Kuma rajista ba ita ce ƙarshen aikin ofishinmu ba, ko da yake shekaru mun ɗauka haka. Ka roƙi malamai su turo sunan duk wanda bai zo zaman farko ba, a ranar, ba bayan mako biyu ba. Ka kira shi kafin dare. Dalilan da nake ji ba su cika wuce waɗannan ba: bai gane ginin ba ya ji kunyar shiga a makare, an canza masa lokacin aiki, mai rainon yaro ta fasa, ko bai sayi littafi ba ya ɗauka ba a shiga aji sai da shi. Na ƙarshen nan muna maganinsa da takardar karɓar littafi a kan tallafin da ke tafe, da kuma kwafi biyu na kowane littafin shekarar farko a laburare. Mai canjin lokacin aiki a duba masa wani ajin na darasin kafin wa'adin sauyi ya wuce. A mako na uku a sake kiran kowa da ke jerinka, har waɗanda ba a kawo ƙararsu ba, da tambaya ɗaya: akwai darasin da kake tunanin ajiyewa? In ya ce e, kada ya danna komai sai ya zauna da ofishin tallafi, domin ajiye darasi na iya rage masa Pell, wani lokaci har a biyo shi bashin abin da aka riga aka ba shi.